Ko Kun Sani? Man Furen Maraice da Ɗaukewar Al'ada

Ɗaya daga cikin mayukan da ake tallata wa matan da al'adarsu ke ɗaukewa, abin da kan faru tsakanin shekara 45 zuwa 55, ana tatso shi ne daga irin Oenothera biennis, tsiron Arewacin Amurka wanda furensa ke buɗewa da maraice. Ana shansa don rage zafin da kan taso wa mace farat ɗaya tare da gumi, amma a gwajin da mujallar BMJ ta buga a 1994 kan mata 56, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta tasiri ba. Yana iya jawo zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini, saboda haka wajibi ne a tuntuɓi likita tukuna.