Jiragen Fiton Istanbul da Gada Ta Kasa Kashewa

Yawancin 'yan kasuwarmu da ke zuwa Istanbul saro kaya, iyakarsu Laleli da Osmanbey da Merter. Su sauka a otal, su zaga shaguna, su miƙa kaya ga masu kago, su koma filin jirgi. Sai mutum ya yi ta zuwa shekara da shekaru bai taɓa hawa ruwan garin ba, alhali garin kansa a bakin ruwa yake zaune. Mashigin Bosforus, mai tsawon kusan kilomita 31, ya raba shi biyu, ɓangare ɗaya a nahiyar Turai, ɗaya a Asiya. A gefen Turan kuma wani reshen ruwa, Halic, ya kutsa cikin gari ya raba tsohon birni da unguwar Galata. Mutanen garin sun haura miliyan 15, kusan kashi ɗaya cikin uku a gefen Asiya suke kwana, da yawansu kuwa abincinsu na gefen Turai. Ke nan kullum safiya sai an fitar da ɗimbin jama'a daga wannan gaɓa zuwa waccan, da yamma a mayar da su.

Yau akwai gada uku a kan mashigin. Ta farko an buɗe ta a 1973, ta biyu a 1988, ta uku a 2016. Akwai jirgin ƙasa na Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin ruwan tun 2013, akwai kuma ramin motoci da aka buɗe a ƙarshen 2016. Da wannan lissafi, da tuni jirgin fito ya zama tarihi, kamar yadda ya faru a garuruwa da dama da zarar an gina gada. Amma je ka tashar jirgin ruwa ta Eminonu da asuba ka gani. Fararen jirage na kai da komowa, mutane na tururuwa ciki da jakunkunan aiki da na makaranta. Abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa ke nan: me ya riƙe su?

Kafin zuwan jirgi mai tururi, da ƙananan kwale-kwale masu filafili ake fito. A 1851, zamanin Sultan Abdulmajid, aka kafa kamfanin Şirket-i Hayriye don jigilar mutane a Bosforus. Shi ne kamfanin hannun jari na farko a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuma Sultan da kansa ya sayi hannun jari a ciki. Jiragen farko daga Ingila aka yo odarsu. Nan da nan kamfanin ya sauya fasalin gari. Ƙauyukan masunta da gidajen shan iskan manya da ke jere a gaɓar Bosforus, waɗanda da sai da rani ake zuwa, suka zama unguwannin da mutum zai zauna duk shekara ya riƙa zuwa aiki cikin birni. A 1872 wani jirgi mai suna Suhulet ya fara aiki tsakanin Uskudar da Kabatash. Shugaban kamfanin, Husaini Haki Efendi, yana cikin waɗanda suka tsara shi: buɗaɗɗe gaba da baya, doki da keken doki su shiga ta nan su fita ta can ba sai sun juya ba. Turkawa na alfahari da cewa shi ne jirgin fiton ababen hawa na farko a duniya. Gwamnati ta karɓe kamfanin a tsakiyar shekarun 1940, kuma yau aikin na hannun Şehir Hatları, kamfani mallakar hukumar birnin Istanbul. Akwai kuma ƙungiyoyin masu jirage na kansu, Turyol da Dentur, da ke bin wasu layukan da jirage ƙanana.

A ganina babban sirrin shi ne ba a bar jirgin fito ya zama abu na daban ba. Katin da za ka shiga bas da shi, Istanbulkart, shi za ka ɗora a ƙofar tashar jirgin ruwa, ƙarfen ya juya ka wuce. Kuɗin kuma bai yi nisa da na bas ba, ɗalibai na da rangwame, 'yan ƙasa da suka kai shekara 65 ba sa biya. Sannan kowace babbar tasha an ɗaure ta da wata hanya. Jirgin ƙasan kan titi da ke ratsa Laleli, shi ne zai sauke ka a Eminonu ko Karakoy ko Kabatash, taku kaɗan daga bakin jirgi. Idan ka fito a Uskudar, ga tashar Marmaray da jirgin ƙarƙashin ƙasa a gabanka. Daga Kadikoy akwai layin da zai kai ka har filin jirgin sama na Sabiha Gokcen. Ba wanda zai sauka daga ruwa ya tsaya yana rarraba ido, yana tunanin yadda zai ƙarasa gida.

Sai lokaci. A kowace tasha an liƙa jadawali, kuma jirgi ba ya jiran ya cika. Mu da muka saba zaman tashar mota muna jiran mutum ɗaya ya cike gurbi, mun san darajar wannan. Lokaci na yi za a rufe ƙofar tasha, ko da kana tsaye a bayan gilashi kana kallon jirgin. Ma'aikacin igiya ya zare murtukekiyar igiyar daga turken ƙarfe, a janye abin takawa, jirgi ya busa ƙaho ya ja baya. Wannan ma'aikacin ya cancanci a tsaya a kalle shi. Idan jirgi ya doso gaɓa, shi zai jefa igiya ya naɗe ta a turke cikin ƙiftawar ido, ya ɗaure jirgi mai ɗaukar mutum fiye da 1,500 yayin da ruwa ke fizgarsa. Tsofaffin mazauna garin suna da wata ɗabi'a ta tsallakawa gaɓa kafin a gama ɗaurewa, ma'aikatan na ta yi musu tsawa. Ni dai ban ga burgewa a cikinta ba. Taku ɗaya ne tsakanin mutum da ruwa.

Tuƙi a wannan ruwa ba wasa ba ne. Bosforus hanya ce ta ƙasa da ƙasa, wadda yarjejeniyar Montreux ta 1936 ta bai wa jiragen kasuwanci 'yancin wucewa a lokacin zaman lafiya. Kusan jirage 40,000 ke ratsa shi a shekara, cikinsu har da manyan tankokin mai da masu ɗauke da alkama daga tashoshin Baƙin Teku. Su suna tafiya tsakanin arewa da kudu, jirgin fito kuwa gabas da yamma yake yi, wato kullum gitta musu hanya yake. Ga kwanoni masu kaifi, ga wurin da faɗin ruwan bai wuce mita 700 ba. Ruwan kansa biyu ne: na sama yana gangarowa daga Baƙin Teku zuwa Tekun Marmara, na ƙasa, wanda ya fi gishiri da nauyi, yana komawa arewa. Idan iskar kudu maso yamma da suke kira lodos ta taso, sai ta dagula wannan tsari gaba ɗaya. Mutanen garin ba su manta da 1979 ba, shekarar da tankar mai Independenta ta yi karo da wani jirgi kusa da Haydarpasha, ta yi makonni tana cin wuta. Shi ya sa idan hazo ya rufe ko iska ta tsananta, ake soke tafiya kawai. Fasinja ya yi ƙorafinsa ya nufi Marmaray.

Wannan soke tafiyar ta tsaya mini a rai, don na san abin da ruwa ke yi mana a gida. A Mayun 2021 jirgin da ya nutse a kogin Neja, wajen Warra ta jihar Kebbi, ya tafi da rayuka masu yawan gaske. A Yunin 2023 a Patigi ta jihar Kwara fiye da mutum 100 suka rasu, yawancinsu daga ɗaurin aure suke komowa. Lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, ba rigar ceto. Ba wata fasaha mai wuyar samu ce ta raba mu da Istanbul a nan ba. Can akwai ƙofar da ke ƙirga mutane, akwai wanda ke da ikon cewa yau ba a fita, kuma albashinsa ba ya raguwa don ya faɗi haka. Legas ta kama hanya, da hukumar LASWA da ta kafa a 2008 da jiragen LAGFERRY, amma kogunan arewa har yanzu suna hannun Allah da na mai jirgi.

Wani abin da fasinja ba ya gani shi ne wurin gyara. A cikin Halic akwai ma'aikatar ƙera jirage da Sultan Muhammad Alfatih ya kafa a 1455, shekara biyu bayan ya ci birnin. Har yau wani sashe nata na aiki, nan ake ɗaga jiragen Şehir Hatları daga ruwa, a kankare tsatsa, a sauya ƙarfen da ya ci, a gyara inji. Jirgin Pashabahce, wanda aka ƙera a Taranto ta Italiya a 1952, ya yi shekaru a ɗaure yana ruɓewa har an fara maganar rabuwa da shi. A wannan ma'aikata aka farfaɗo da shi, ya koma ɗaukar fasinja a 2022, yana da shekara 70. Sayen sabon jirgi kowace gwamnati na iyawa, a yanka zare a ɗauki hoto. Riƙe maƙera da masu walda da injiniyoyi na tsawon zamani shi ne aikin da ba ya shiga labarai.

Gaskiya ita ce a yau kaso kaɗan na matafiyan garin ne ke bin ruwa. Marmaray na haye mashigin daga Sirkeci zuwa Uskudar cikin kamar minti 4, jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy kuwa sai ya ci minti 20 ko fiye. Mai sauri ya san inda zai bi. Duk da haka akwai waɗanda suke zaɓar ruwan da gangan, kuma ban ga laifinsu ba. A ciki akwai wurin zama, akwai mai shayi da ke yawo da faranti cike da ƙananan kofunan gilashi, akwai burodin riɗi mai kama da zobe da ake gutsura wa tsuntsayen teku masu bin jirgi. Kana zaune Ayasofya da fadar Topkapi da hasumiyoyin masallacin Sulaimaniyya suna wucewa ta gabanka. Lebura da farfesa benci ɗaya, kuɗi ɗaya. A gari mai cunkoson da ke cinye wa mutum sa'o'i, wannan hutun ba ƙaramin abu ba ne, kuma talaka ma yana da haƙƙin samunsa. Mutanen garin na kishin jiragen nan sosai: lokacin da hukuma za ta yi sababbi a shekarun 2000, sai da ta sa aka kaɗa ƙuri'a a kan fasalinsu, jama'a kuma suka zaɓi wanda ya fi kama da tsofaffin.

Layin da na fi so shi ne na cikin Halic, wanda ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya har Eyup, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah Ya ƙara masa yarda. Ruwan can a kwance yake, jirgin ba ya gaggawa, galibin fasinjojin 'yan unguwa ne da masu ziyara.

Akwai kuma inda jirgin ba zaɓi ba ne. A Tekun Marmara akwai tsibirai huɗu da jiragen ke zuwa kullum, Kinaliada da Burgazada da Heybeliada da Buyukada, inda dubban mutane ke zaune duk shekara. Ba gada, ba rami, ba a yarda da motocin kai a cikinsu ba. Ko kekunan dokin da aka san su da su an daina a 2020, aka kawo ƙananan motocin lantarki. Tafiya daga Kabatash zuwa Buyukada na iya kai sa'a ɗaya da rabi. Da rani 'yan yawon buɗe ido na cika jiragen maƙil, har mazauna tsibiran na kukan rasa wurin zama a hanyarsu ta zuwa aiki. Da hunturu kuma jirgin kan tashi da kujeru da yawa a wofi, ba ya mayar da kuɗin mansa, amma dole ya tashi, don malamin makaranta da mara lafiya da mai kai kayan miya duk shi suke jira. Hukumar birni ce ke cike giɓin daga aljihunta.