Daga littafin bashi zuwa manhaja: wa ke riƙe da kwastomomin shago?

A Kantin Kwari a yau, kaso mai tsoka na ciniki ba da wanda ya tako ya zo shago ake yin sa ba. Mai sari yana zaune a Maraɗi ko Yola ko Anjamena, a tura masa hoton atamfa ko shadda ta waya, ya zaɓa, ya turo kuɗi, a ɗaure kaya a kai tasha a damƙa wa direba. Akwai wanda za a shekara ana hulɗa da shi ba a ga fuskarsa ba. Da zarar ciniki ya koma haka, abin da ɗan kasuwa ke da shi game da abokin cinikinsa bai wuce lambar waya da tarihin abin da ya gudana a tsakaninsu ba: me ya saba saya, yaushe yake saye, nawa ake bin sa, yana cika alkawari ko sai an yi ta sintiri. Wannan ne ya sa masu ƙananan sana'o'i suka fara neman manhajar da za ta tsara musu waɗannan bayanai.

Rubuta mu'amala ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwar Hausa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, kuma da wuya ka shiga tsohon shago ba ka tarar da littafin bashi ba, wani da boko wani da ajami. Sai dai littafin kuɗi kawai yake riƙewa. Sauran sanin mutum, cewa wane ba ya son launi mai haske, wane sai bayan kaka yake biya, wance tana da 'ya'ya mata da za a aurar, duk a kan maigida yake. Littafin kuma takarda ne. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, da gobarar Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023, sun nuna wa 'yan kasuwa cewa asarar ba ta tsayawa a kan kayan da ke shago. Idan littafi ya tafi, kuɗin da ke hannun mutane ma sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, amma abin da ya buɗe ƙofar tsara kwastomomi ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne fitowar WhatsApp Business a farkon 2018. Kyauta ne, kuma mutum bai bar inda ya saba hira ba. Yana iya liƙa wa kowace lamba alama mai launi, wannan sabon kwastoma, wannan ya biya, wannan ana bin sa, wannan kayansa na hanya, sannan ya jera hotunan kayansa da farashi a wuri guda. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira, ya tura har mai shayi da mai kayan miya zuwa tiransifa da na'urar POS. Kowane alat yana zuwa da suna da adadi da lokaci. Mutanen da ba su taɓa tunanin ajiye bayanan ciniki ba suka wayi gari bayanan na taruwa a wayarsu, ya rage su tsara su ko su bar su a watse.

Manyan manhajojin da kamfanonin Amurka da Turai ke amfani da su, irin su Salesforce da HubSpot, ba su ne suka shiga kasuwanninmu ba. An gina su ne a kan imel da kwamfutar ofis, cikakken aikinsu kuma da dala ake biya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin wata na irin wannan manhaja ya fi ƙarfin mai shago ɗaya. Abin da ya karɓu shi ne mai sauƙi: manhajojin gida irin su Bumpa, masu haɗa lissafin kaya da rasit da sunayen masu saye, sai kuma dabarar da kowa ya ƙirƙiro wa kansa ta ajiye lamba da cikakken bayani, “Hajiya mai leshi Gombe”, “Alhaji dila biyu Damagaram”. A Indiya ma hanyar da aka bi ke nan, inda Khatabook da OkCredit suka sami karɓuwa saboda littafin bashin mai kanti suka mayar cikin waya, ba su nemi ya koma ma'aikacin ofis ba.

A ganina waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi mata ne masu sana'a a cikin gida. Mai turaren wuta da humra, mai dambun nama, mai ɗinki, mai haɗa kayan lefe, a da kasuwarta ba ta wuce gidajen da yarinyar talla ko ɗan aike zai iya kaiwa ba. Yanzu jerin lambobinta shi ne rumfarta. Idan ta tsara shi, ta san wadda ta yi odar kayan sallah bara, sai ta tuntuɓe ta tun kafin azumi ya raba, ba sai tela ya cika da aiki ba. Ta san wadda ta saya sau ɗaya ta ɓace, ta san wadda ta kawo mata mutum biyar. Ba ta biya kuɗin haya ba, ba ta fita daga gidanta ba, ga shi tana aika kaya Abuja da Kaduna. Duk wanda ya san yadda ƙaramin jari ke narkewa a bashin da aka manta da alkawarin da aka saɓa zai gane cewa wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Amma akwai wata illa da ba a cika magana a kanta ba, kuma ita ce ta fi damuna, domin ta taɓa ginshiƙin kasuwancin Hausa: alaƙar maigida da yaronsa. A tsarin da aka gada, yaro yana zama a shago shekaru, ya koyi kaya, ya koyi mutane, idan lokaci ya yi maigida ya sallame shi da jari, sau da yawa har ya haɗa shi da wasu abokan ciniki da bakinsa. Maigida ne ke rabon, don shi aka sani. Yau kuwa a shaguna da yawa dattijon ba ya taɓa WhatsApp. Yaron ne ke ɗaukar hoto, shi ke amsa saƙo da dare, shi ya ajiye lambobin, kuma galibi a wayarsa, a layin da aka yi wa rajista da lambarsa ta ɗan ƙasa. Mai sari na Agadas bai san muryar Alhaji ba, muryar yaron ya sani. Ranar da aka saɓa, ko yaron ya ga ya isa cin gashin kansa, ba ya buƙatar ɗaukar ko ƙyalle ɗaya daga shago. Ya fita da wayarsa, rabin ciniki ya bi shi.

Ba zan ɗora laifin duka a kan yara ba. Da yawansu su suka nemo waɗannan kwastomomi da datarsu da barcinsu, alhali babu albashi tsayayye kuma babu ranar sallama da aka ambata musu. Abin da manhaja ta yi shi ne ta mayar da sanin mutane wata kadara da ake iya kwafewa cikin minti ɗaya, ta kuma tilasta tambayar da a da kunya ke hana yi: na wa ne? Shagon da ya buɗe layi na kasuwanci da sunan mai shi, ya ajiye bayanan a asusun da maigida ke riƙe da mabuɗinsa, ya rufe ƙofa ɗaya. Amma idan bai haɗa da yarjejeniya bayyananniya kan ladan yaro da lokacin sallamarsa ba, rikicin zai ɓullo ta wata ƙofar.

Batun bashi ma yana da nasa haɗarin. Wasu manhajojin lissafi suna tura wa wanda ake bi saƙon tuni da kansu. Ga mai shago wannan sauƙi ne, ya huta da nauyin baki. Amma a wurinmu neman bashi yana da ladabi: a gaisa, a tambayi iyali, a ji ko an yi rashi ko kaya ba su fita ba, sannan a kawo magana. Saƙon da na'ura ta tura wa mutum ranar da yake zaman makoki yana iya kashe hulɗar shekara goma saboda naira dubu ashirin. Mutane kuma ba su manta da abin da manhajojin ba da rance suka yi ba, na kwashe lambobin wayar mai cin bashi su tura wa 'yan uwansa da abokansa saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta far musu a 2022. Wannan ya bar tabo, shi ya sa wasu ke ɗari-ɗari idan aka ce za a shigar da sunansu a manhaja.

Talla ma tana neman wuce gona da iri. Jerin aika saƙo na WhatsApp yana ɗaukar lamba 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa, don haka wasu suka koma zuba mutane cikin rukuni ba tare da izininsu ba, inda kowa ke ganin lambar kowa, har da ta matan aure. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta shafi duk mai tara bayanan mutane don kasuwanci, ba bankuna da kamfanonin waya kaɗai ba, kuma amfani da lambar mutum a abin da bai amince da shi ba yana cikin abin da ta hana.

Sannan abin da ke cikin waya ba shi da tabbas kamar yadda ake zato. A Satumbar 2021 an katse sabis a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, aka yi makonni mai saye da mai sayarwa ba sa jin juna. Layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba an rufe su, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani na sake sayar da shi ga wani. Su kansu masu manhajojin ƙananan kamfanoni ne da ke rayuwa da kuɗin masu zuba jari. Kippa, da ta fito a 2021 don lissafin masu ƙananan sana'o'i, ta rufe sashenta na biyan kuɗi a 2023. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya zuba sunayen mutanensa a kowace manhaja, ya kamata ya tabbatar yana iya fitar da su duk ranar da ya so, ya riƙa sauke kwafi lokaci-lokaci, manyan basussuka kuma ya ci gaba da rubuta su a takarda da shaidu, ya ajiye ta a wani wuri da ba shagon ba.