Hawan Dutse da Saukowa: Amfanin Taron Keɓewa ga Matasa

Kwanan baya da aka tashi daga sujada wani matashi ya miƙo mana wayarsa. Ya nuna mana hoton waɗansu matasa Kirista a ƙasar Turai, sun hau duwatsu domin taron keɓewa, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Ya ce, "Baba Fasto, ai a irin wannan wuri dole mutum ya ji muryar Allah. Mu da muke nan fa?"

Tambayarsa ta cancanci amsa. Daga Kankiya zuwa Kusada har Boko, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin gero da dawa da wake iyakar ganin ido. Ƙanƙarar da muka sani ita ce mai faɗowa da ruwan damina ta kwantar da amfanin gona. Ko wannan ya rage mu da wani abu a gaban Ubangiji?

Mece ce keɓewa?

Keɓewa ita ce mutum ya janye daga hidimomin yau da kullum na ɗan lokaci, domin addu'a da bimbini a kan Maganar Allah da binciken zuciyarsa. Luka 5:16 ta nuna mana Yesu kansa yakan janye zuwa wuraren da ba kowa ya yi addu'a. A Markus 6:30-32, da manzanni suka dawo daga aiki ko damar cin abinci ba su samu ba, sai ya ɗauke su cikin jirgin ruwa domin su huta.

A Najeriya ma abin ba sabo ba ne. Mishan ɗin SIM, wanda ma'aikatansa na farko suka iso a 1893, ya gina gidan hutu a Miango kusa da Jos, inda tudun ya kai wajen mita 1,200 kuma akwai sanyi. Zumuntar ɗalibai ta FCS, wadda ta soma a Gindiri a 1957, ta renon matasa da yawa ta wurin tarurrukan lokacin hutu. Amma iyayenmu da suka karɓi bishara a ƙauyukan Katsina, yawancinsu a gindin itace suka koyi addu'a, Ubangiji kuwa ya ji su.

Duwatsu biyu

A 1 Sarakuna 19, Iliya ya gudu daga Yezebel, ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Aka yi iska mai ƙarfi, aka yi girgizar ƙasa, wuta ta biyo baya, amma ba a cikinsu Ubangiji ya yi masa magana ba, sai cikin 'yar murya marar ƙarfi. Sau biyu aka tambaye shi abin da ya kawo shi wurin. Daga nan aka umarce shi ya koma, aka ba shi aiki, aka kuma sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Na biyu shi ne dutsen da kamannin Yesu suka sāke a gaban Bitrus da Yakubu da Yohanna (Markus 9:2-29). Nassi bai faɗi sunan dutsen ba. Al'adar ikkilisiya ta ce Tabor ne. Masana da dama kuwa suna ganin Harmon ne, domin kafin wannan Yesu yana yankin Kaisariya Filibi, a gindinsa. Tsayin Harmon mita 2,814 ne, dusar ƙanƙara takan rufe ƙwanƙolinsa watanni da yawa a shekara. Duk da haka marubutan bishara ba su ce komai game da kyan wurin ba, Yesu kaɗai suka nuna mana. Bitrus ya so a kafa bukkoki uku a zauna, Markus kuwa ya ce bai san abin da zai faɗa ba ne saboda tsoro. Kashegari suka sauko, suka tarar da wani uba cikin damuwa, da yaro mai baƙin aljani, da almajiran da suka kāsa taimakonsa.

A wurare biyun nan, wanda ya hau an komo da shi wurin mutane. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hawayen daren ƙarshe na taro hange ne. Shiga birni shi ne abin da za ka yi ranar da ka koma gida.

Farin da Allah yake nema

Ishaya 1:18 ta yi alkawari cewa zunubi mai ja wur zai zama fari kamar dusar ƙanƙara, ta kuma ƙara misali na biyu, wato ulun tumaki. Da a ƙasarmu annabin ya yi wa'azi, wataƙila da auduga zai yi misali. Farin nan aikin jinin Kristi ne a zuciyar mai tuba. Dawuda ya roƙe shi a Zabura 51 bayan annabi Natan ya tone masa zunubinsa, yana cikin gidansa a Urushalima.

Yadda za mu shirya namu

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, makarantu sun yi hutu, samari ba su riga sun tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas ba. Wanda zai yi wata biyar nesa da iyaye da ikkilisiya, cikin abokan da ba ruwansu da Allah, yana bukatar guzuri fiye da kuɗin mota.

Saboda yanayin tsaro, kada a kai 'ya'yan mutane daji ko a yi tafiyar dare. Harabar majami'a ko makaranta ta isa, da sanin dattawa da iyaye, 'yan mata kuma su kwana tare da iyaye daga zumuntar mata.

A bar lokacin shiru. Sau da yawa tarurrukanmu daga waƙa sai wa'azi, janareto na ruri, lasifika na amo har tsakar dare. A ware sa'a guda da asuba, ko da hunturu na busawa, a ajiye wayoyi. Kowa ya zauna shi kaɗai da Zabura 139:23-24, ya tambayi kansa: Da wa nake gaba? Bashin wa na ƙi biya? Yaya nake tafiyar da nemana na aure? Ƙwaya ko cacar waya sun kama ni? Maƙwabtanmu Musulmi, da muke cin kasuwa ɗaya da su, wane hali suke gani a wurina?

Kafin a watse, kowa ya rubuta abu ɗaya da zai gyara cikin mako, ya kuma faɗa wa wani amintaccen ɗan'uwa wanda zai riƙa tuntuɓarsa. Shugabanni su sāke zama da su bayan wata guda.

Abin da muka faɗa wa matashin nan ke nan: in Allah ya ba ka zarafin ganin waɗancan duwatsu, ka je ka yabi Mahaliccinsu. Amma ƙanenka da kuka yi wata uku ba ku gaisa ba, a gida ɗaya kuke kwana. Ka fara daga nan.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar biyayya. Amin.