Kullutun da ba ya zafi: Me ya sa muke makara zuwa asibiti?

Da wuya a samu gidan da wani bai taɓa shafa jikinsa ya ji ɗan kullutu a wuya, ko hammata, ko mama, ko matsematsi ba. Idan ya faɗa wa na kusa da shi, tambayar farko da za a yi masa ita ce: "Yana yi maka ciwo?" In ya ce a'a, sai hankalin kowa ya kwanta, a ce ai kitse ne, ko kaluluwa ce, za ta baje da kanta. A wajen likitocin tiyata kuwa, wannan tambaya ita ce mafarin asarar rayuka masu yawa, domin ciwon daji a farkonsa yawanci ba ya zafi ko kaɗan. Marurun da ke hana barci sau da yawa kwanaki kaɗan yake yi ya fashe ya warke. Kullutu mai tauri da ya zauna shiru yana ƙara girma wata bayan wata, shi ne ya fi cancantar a tashi tsaye a kansa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano ciwon dajin mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a faɗin duniya, kuma ya yi ajalin kimanin 670,000. Hukumar ta kuma bayyana cewa a ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 da aka gano musu cutar suna nan a raye bayan shekara biyar, alhali a Indiya 66 ne, a Afirka ta Kudu kuwa 40. Cutar ɗaya ce a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da mace ta isa gaban likita, da kuma irin kulawar da ta tarar. A manyan asibitocinmu na koyarwa, mafi yawan matan da ke zuwa da wannan cuta sai ta kai mataki na uku ko na huɗu suke isowa, wato bayan ta kama hammata, ko ta fashe ta zama gyambo, ko ta bazu zuwa ƙashi da huhu da hanta.

Ba kowane kullutu ne daji ba

Ya kamata a fara da wannan albishir, domin tsoro ma yana hana mutane zuwa asibiti kamar yadda sakaci yake hanawa. Mafi yawan kullutun da ke fitowa a jikin ɗan Adam ba daji ba ne. Akwai tarin kitse da ke taruwa a ƙarƙashin fata, galibi a baya ko kafaɗa ko damtse. Yana da laushi, yana zillewa idan an danna shi, kuma yana iya shekaru bai canza ba. Akwai 'yar jaka da ke cika da maiƙo a fatar kai ko fuska ko bayan kunne, wadda ake cirewa cikin ɗan lokaci da allurar kashe zafi. Akwai kaluluwa, wadda alama ce ta cewa garkuwar jiki tana yaƙi da wata cuta a kusa: miki a ƙafa ya kumbura ta matsematsi, ciwon haƙori ko maƙogwaro ya kumbura ta wuya. A maman 'yan mata da matasan mata kuma, an fi samun wani kullutu mai santsi da ke gudu a ƙarƙashin yatsa, wanda ba shi da haɗari.

Haka nan maƙoƙo, wanda a da ya yi yawa a wasu yankuna saboda ƙarancin sinadarin aidin a abinci, har Najeriya ta wajabta sanya sinadarin a gishiri a 1993. Yawancinsa ba daji ba ne, sai dai idan ya girma yana iya danne maƙogwaro.

Matsalar ita ce yatsa ba ya iya rarrabe mai haɗari da marar haɗari. Ko ƙwararren likitan da ya shekara talatin yana tiyata ba ya yanke hukunci da taɓawa kawai. Sai ya nemi hoto, wani lokaci kuma ya ɗauki ɗan yanki na tsokar a duba a ɗakin gwaje-gwaje. Idan mai ilimin abin bai yarda da hannunsa kaɗai ba, babu dalilin da zai sa maƙwabciya ko mai kemis su ba da tabbacin cewa "ba komai ba ne."

Alamomin da ba a jira da su

Likitoci suna da wasu alamomi da suke ɗauka da muhimmanci. Duk kullutun da ya wuce mako biyu zuwa uku bai ragu ba, a kai shi a duba. Haka wanda yake ƙara girma, ko yake da tauri kamar dutse, ko ya manne ba ya motsi, ko ya dawo bayan an cire shi. Wanda ya kai santimita biyar, wato kamar girman ƙwan kaza, musamman idan yana can cikin tsokar cinya ko damtse, shi ma yana bukatar bincike ko da mai shi yana harkokinsa lafiya. Idan kullutu ya zo tare da rama ba dalili, ko zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko gumin dare mai jiƙa tufafi, to a gaggauta. A ƙasarmu kaluluwar wuya da ta daɗe tana iya zama tarin fuka ne ya kama ta, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

A mama, ban da kullutu, a lura da kan nono da ya koma ciki alhali da ba haka yake ba, da jini ko ruwan da ke fita daga gefe ɗaya, da fatar da ta lotsa ko ta yi kama da ɓawon lemo, da kumburi a hammata. Masu ciki da masu shayarwa su yi hattara da cewa "nono ne ya kwanta." Gaskiya ne hakan na faruwa, amma idan an yi magani kullutun bai baje ba, a koma asibiti. Maza ma ba su tsira ba, domin kusan ɗaya cikin 100 na masu dajin mama namiji ne.

Ga samari kuma, kullutu mai tauri marar zafi a jikin ɗan maraina abin dubawa ne nan take. Dajin maraina ya fi kama matasa, kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Kunya ce kawai take sa saurayi ya ɓoye shi har ya yi nisa, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai maƙoƙo kuma da muryarsa ta dishe, ko haɗiya ta fara yi masa wuya, ko numfashinsa yake sarƙewa idan ya kwanta, kada ya ƙara jinkiri.

Inda awoyi ke raba rai da mutuwa

Akwai kumburin da lissafinsa na awoyi ne. Babban misali shi ne ƙaba, wato hanji ya samu kafa a bangon ciki ya leƙo ta matsematsi ko cibiya, wani lokaci ya gangara cikin maraina ya zama gwaiwa. Manoma da 'yan dako da masu aikin ƙarfi sun san ta sarai: tana fitowa idan an tsaya ko an yi tari, ta koma idan an kwanta. Mutum yana iya shekara goma da ita yana mayar da ita da hannu. Babu jiƙo ko ƙwaya ko ɗamara da ke toshe wannan kafa ga babba. Ɗinki ne kaɗai maganinta, kuma idan an shirya shi cikin natsuwa aiki ne mai sauƙi da ake yi a manyan asibitocin jiha.

Ranar da ƙabar ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ta kama zafi mai tsanani, ga amai, ga ciki ya kumbura, babu bayan gida babu tusa, to hanjin ya shaƙe, jini ya daina isa gare shi. Cikin 'yan awoyi yana iya ruɓewa. A wannan hali ba a jiran gari ya waye, ba a ba marar lafiya abinci ko maganin wankin ciki, ba a kuma danna wurin da ƙarfi. A nemi mota a nufi asibitin da ake tiyata. Haka nan yaro ko saurayin da ɗan marainansa ya kama ciwo farat ɗaya, musamman cikin dare: yana iya zama murɗewa ya yi, kuma likitoci suna ƙoƙarin warware shi cikin awa shida kafin ya mutu.

Yara ma suna da nasu. A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a Kamfala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro, cutar da har yau ake kira da sunansa. Tana girma da saurin gaske, fuskar yaro ta sauya cikin 'yan makonni, haƙora su yi ta girgiɗi. Iyaye kan ɗauka ciwon haƙori ne ko hangum. Amma saurin girmanta bai hana ta jin magani ba. Allurai ake yi mata, kuma yara da dama suna warkewa sarai idan an fara da wuri.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Babu maganar da ta fi wannan yi wa masu ƙari illa a ƙasar Hausa. An yi imani cewa da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa daji, sai ya fusata ya bazu. Masu faɗar haka suna da hujjar da suka gani da idonsu: wance an kai ta asibiti, an yi mata aiki, ba ta yi wata uku ba ta rasu. Abin da ba a faɗa shi ne, wance ta shekara biyu tana shafe-shafe da hayaƙi kafin a kai ta, kuma cutar ta riga ta isa huhu tun kafin likita ya gan ta. Sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Ta baya ta ji labari ta ƙi zuwa, ita ma ta makara, ita ma ta zama hujja ga ta bayanta. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba a jin labarinsu, domin suna cikinmu a kasuwa da makaranta da gidajen biki, sun rufa wa kansu asiri.

Allurar da ake ɗaukar ɗan yanki da ita don gwaji hanya ce da ake bi a asibitocin duniya baki ɗaya, kuma ita ce take faɗa wa likita irin cutar da maganin da ya dace da ita. Macen da ta zo da wuri ma sau da yawa kullutun kaɗai ake cirewa a bar mata mamanta, sannan a bi da gashi na na'ura. Jinkirin da ake yi don tsoron rasa mama shi ne yake kaiwa ga rasa shi.

Abin mamaki, masu gudun ƙarfen likita ba sa gudun askar wanzami. Sakiya da tsaga da ƙaho a kan kullutun da ba a san ko mene ne ba ganganci ne. Wanda ya ɗauki ƙaba a matsayin maruru ya soke ta, hanji ya huda. Magunguna masu cin fata da ake ɗaurawa a kan ƙari suna buɗe miki ne a sama, saiwar tana ci gaba a ƙasa. Wanzamai da masu maganin gargajiya suna da daraja a cikin al'umma, kuma su ne mutane da yawa ke fara zuwa wurinsu. Babbar gudummawar da za su bayar ita ce su san iyakarsu, su ce wa mai kullutu ya je a yi hoto tukuna.

Laifin ba na marar lafiya kaɗai ba ne

Zalunci ne a ɗora komai a kan jahilci. Matar ƙauye da ta ji kullutu tana bukatar izinin miji, da kuɗin mota, da kuɗin kati, da na hoto, da na gwaji, sannan ta jira sakamako. Wata ta je ƙaramin asibiti da wuri, aka rubuta mata kafso sau uku aka sallame ta. Na'urorin gashi kaɗan ne a Arewa, wanda ya sa majinyata ke doguwar tafiya zuwa wurare irin su Zariya da Sakkwato da Abuja. A Jamhuriyar Nijar kuwa, sai a 2021 aka fara wannan aiki a Yamai.

A wannan shekarar ta 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri kan dajin mama mai ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala magani. Wannan ma'auni ne da ya kamata kwamishinonin lafiya na jihohinmu su auna kansu da shi. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci duba mama da tura majinyaci gaba ba tare da ɓata lokaci ba. A samar da masu gwajin tsoka a manyan asibitocin jiha. Dokar inshorar lafiya ta 2022 da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su isa ga manomi da mai talla, kada su tsaya kan ma'aikatan gwamnati.

Magidanta ma suna da rawar takawa. Mace da yawa tana ɓoye kullutu ne don tsoron a guje ta ko a yi mata kishiya. Mijin da ya ce "tashi mu je a duba" ranar da aka faɗa masa, ya yi wa iyalinsa abin da dukiya ba za ta iya yi ba bayan shekara guda. Ɗalibai da malamai da ke karanta wannan shafi kuma su ne idon danginsu. Su ake tambaya idan abu ya ɗaure kai a gida.

Don haka idan wani ya nuna maka kullutu a jikinsa, bar tambayar ko yana ciwo. Tambaye shi tun yaushe ya fito, ko yana girma, kuma ko likita ya gani. Idan ya wuce mako uku, ka raka shi asibiti a wannan makon. In an duba an ce kitse ne, an yi asarar kuɗin mota an samu kwanciyar hankali. In kuma wani abu ne daban, an same shi a lokacin da magani yake da amfani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita.