Ɗakin Zura Bututu a Zuciya: Aikin Nas ɗin da Kwangila Ba Ta Samarwa

A ranar 15 ga Yulin 2025 aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a Daura, kwana biyu bayan rasuwarsa a wani asibiti a Landan. Mako biyu bayan haka, ranar 30 ga wata, ma'aikatan jinya na asibitocin Gwamnatin Tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da tsarin albashi. Daura ta samu rabonta na gine-gine: an buɗe asibitin Rundunar Sojin Sama a 2019, daga baya babban asibitin garin ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Amma ga magidancin da jijiyar zuciyarsa ta toshe da tsakar dare a Mai'adua ko Zango, yajin aikin ya fi yanke kyallen buɗe gini kusa da rayuwarsa.

Maganin irin wannan toshewa ana yin sa ne a wani ɗaki na musamman. Likita zai huda jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, ya zura siririn bututu har zuciya, ya tura rinin da ke bayyana a hoton eksire don ganin inda jini ya tsaya. Sai ya hura 'yar balan-balan ta buɗe wurin, ya bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. Ba a tsaga ƙirji, kuma galibi majinyaci idonsa biyu.

Idon likita na kan allon hoto, don haka sauran jikin majinyacin amana ce a hannun nas. Tun kafin a shiga, ita ke duba sakamakon gwajin ƙoda, domin rinin na iya lahanta ƙodar da dama ta raunana, abin da ya zama ruwan dare ga masu ciwon suga da hawan jini. Ita ke tambayar magungunan da mutum ke sha, har da jiƙe-jiƙen da ba kasafai ake faɗa wa likita ba. Da an fara aiki, tana ba da maganin tsinka jini da na rage raɗaɗi, tana lura da numfashi, awon jini da layin bugawar zuciya. A daidai lokacin da jijiya ta buɗe, bugawar kan rikice. Daƙiƙoƙi kaɗan gare ta ta gane hakan, ta ɗauko na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki. Bayan an gama, ita ke gadin hudar da aka yi, saboda jini na iya tsiyaya a ciki ba tare da ya fito fili ba.

Duk wannan a tsaye take yin sa, sanye da rigar darma mai nauyin kilo da dama wadda ke kare ta daga hasken eksire, da 'yar na'ura a maƙale da ke lissafa hasken da jikinta ya sha. Ciwon baya sanannen abu ne ga masu wannan aiki. Ga kuma kiran dare.

Tarihin fannin ma da nas ya soma. A 1929, a garin Eberswalde na Jamus, matashin likita Werner Forssmann ya buƙaci kayan aikin da ke hannun wata nas, Gerda Ditzen. Ta amince da sharaɗin a yi gwajin a kanta. Ya ɗaure ta a gado, ya juya ya zura bututun a nasa hannun. Ya samu kyautar Nobel a 1956. Sunanta kuwa sai mai tono.

Ƙa'idar likitocin zuciya ita ce a buɗe jijiyar cikin minti 120 daga lokacin da aka gano ciwon, domin naman zuciyar da ya mutu ba ya farfaɗowa. Daga Daura zuwa Kano ya haura kilomita 100, kuma akasarin ɗakunan irin wannan aiki a Najeriya suna Legas da Abuja, da yawansu a asibitocin kuɗi. Ko da gobe aka ba da kwangilar sayo na'urar a kawo ta Daura, watanni sun isa a girka ta. Nas ɗin da za ta tsaya kusa da ita kuwa sai ta kammala karatun jinya, ta ƙara da horo na musamman irin wanda ake bayarwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu, sannan ta daɗe tana aiki a ƙarƙashin ƙwararru.

Irin wannan nas ce ƙasashen waje suka fi zawarci. A farkon 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Matakin da hukumar ta ɗauka a watan Fabrairun shekarar shi ne sharɗanta aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Yajin aikin 2025 kuma an janye shi ranar 2 ga Agusta, bayan gwamnati ta sa hannu kan alƙawura.