Kubik mita ɗaya, kwat nawa ke ciki?

Yau lissafin awo za mu taɓa: yadda ake mayar da kubik mita zuwa kwat.

Mu fara da kubik mita. Ku ɗauka akwati ne, tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa mita ɗaya, zurfinsa ma mita ɗaya. In aka cika shi da ruwa, lita 1,000 zai ci cif. Wato jarka 40 ke nan, irin mai cin lita 25.

Shi kuwa kwat, kwatan galan ne, huɗu ke ba da galan ɗaya. To a nan gizo ke saƙar, don galan ɗin iri biyu ne. A 1824 Birtaniya ta fito da sabon galan mai cin lita 4.546, ita kuma Amurka ta ci gaba da tsohon, mai lita 3.785. Shi ya sa kwat ɗin Amurka lita 0.946 ne, na Ingila kuwa lita 1.137.

Lissafin ba wuya. Ka raba lita 1,000 da girman kwat ɗin da kake so, za ka ga kubik mita ɗaya ya ba ka kusan kwat 1,057 na Amurka, ko 880 na Ingila. Bambancin kwat 177 fa! Daga nan sai ninkawa: tanki mai kubik mita 10, kusan kwat 10,570 ne a awon Amurka, 8,800 a na Ingila.

Wani zai ce, ina ruwana? Akwai ruwanka in motarka daga Amurka aka shigo da ita. Littafinta zai iya cewa a zuba baƙin mai kwat 5, wato lita 4.7. In ka yi lissafi da na Ingila, lita 5.7 za ka zuba, ƙarin kusan lita guda. Man da ya wuce ƙima kuwa kumfa yake yi a inji, har ya kai ga yoyo.

Saboda haka duk inda kuka ga kwat, ku fara tambayar na wace ƙasa ne, sannan ku danna kalkuleta.