Kujera mai rami don wanda ba ya iya tsuguno

A gidajenmu na Agadas akwai tsofaffi masu ciwon gwiwa da waɗanda shan inna ya raunana. Tsuguno a salanga yana yi musu wuya, har wasu suna rage shan ruwa don gudun zuwa bayan gida. Wannan haɗari ne a zafin ƙasarmu.

Mu sa kafinta ko maƙeri ya yi kujera mai rami a tsakiya, da madafa biyu, tsawonta daidai gwiwar mai ita. A ɗora ta kan ramin salanga. Da dare a kai ta ɗaki, a sa guga mai murfi ƙarƙashinta, da toka a ciki. Ƙafafunta kan nutse cikin rairayi, sai a shimfiɗa katako tukuna.